Matan da ke bandar kifi a gaɓar teku: Sana'ar da ke ciyar da gida, take cin lafiya

Duk wanda ya sayi busasshen kifi ko jatan lande a kasuwar Kado ko ta Utako a Abuja, da wuya ya tuna hannun da ya sarrafa su. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

A gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853, maza ne ke shiga ruwa, amma da zarar kwale-kwale ya iso tudu, aiki ya koma hannun mata. A Makoko da ke Legas, da Oron da Ibeno a Jihar Akwa Ibom, su ne ke saye, su wanke, su jera a kan raga, su hura wuta.

Gaggawa ce jigon sana'ar. Ɗanyen kifi ba ya jure zafi, ga ƙarancin lantarki da ƙanƙara. Matar da ba ta banda kayanta a ranar ba, jarinta ne zai ruɓe. Da ribar ake biyan kuɗin makaranta, a zuba adashi.

Sai dai murhun gargajiya na cin itace sosai, galibi daga dazuzzukan fadamun bakin teku inda ƙananan kifaye ke girma. Hayaƙin kuma na cutar da ido da huhu, yana barin sinadarai a jikin kifin waɗanda Tarayyar Turai ta ƙayyade adadinsu, lamarin da ke toshe ƙofar kasuwarta.

Mafita ba sabuwa ba ce. Tun 1969 aka ƙirƙiro murhun Chorkor a Ghana, mai rage cin itace. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɓaka wani a Senegal da ke rage hayaƙi, Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Legas ma ta ƙera nata. Matsalar ita ce tsada: mai juya ɗan jari kullum ba ta da rarar saye.

A 2023 aka kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa. Abin da matan ke buƙata daga masu tsara kasafi bai wuce lamuni mai sauƙi ta ƙungiyoyinsu, da murhun haɗaka, da ɗakunan sanyi a matsayar jirage ba.