Koyon Zane Da Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu sun iya zane da fensir da rula da kamfas, amma in an zaunar da mu gaban kwamfuta sai gabanmu ya faɗi. Alhali kuwa gobe mu ne za mu tsaya gaban yara mu koya musu. Saboda haka na ga ya kamata in ɗan yi bayani domin masu farawa.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Tun 1963 wani Ba'amurke, Ivan Sutherland, ya ƙago manhajar zane mai suna Sketchpad. Sa'an nan a 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda masu zanen gine-gine da injiniyoyi su ke aiki da ita har yau. Wanda ba shi da kuɗin saye yana iya farawa da FreeCAD, gama kyauta ce.

Abu na fari shi ne awo. A kan takarda mu kan rage girman abu domin ya shiga, amma a kwamfuta a kan zana shi daidai girmansa na gaskiya. Misali, in aji yana da tsawon mita 9 da faɗin mita 7, kuma ka zaɓi milimita, sai ka rubuta 9000 da 7000. Kaurin bango na bulo mai inci 9 shi ne 225, faɗin ƙofa kuwa 900. Sai ranar bugawa a takarda za ka rage. In ka ce 1:100, tsawon nan na 9000 zai koma milimita 90. Wanda ya manta ya rubuta 9 maimakon 9000, ya zana ajin da ko tururuwa ba ta sakewa a ciki.

Na biyu, kada ka yarda da idonka. Layi biyu su kan yi kamar sun haɗu, amma in ka ƙara girman hoton sai ka tarar da rata tsakaninsu. Akwai wata dabara a cikin manhajar wadda ta ke kama maka ƙarshen layi, ko tsakiyarsa, ko cibiyar da'ira. Kunna ta tun daga farko.

Na uku, raba aikinka kashi kashi, watau leya. Misalinta kamar takardu ne shara-shara da a ka jera bisa juna: bango a ɗaya, ƙofofi da tagogi a wata, lambobin awo a wata dabam. In ka so duban bango kaɗai, sai ka ɓoye sauran.

Na huɗu, riƙa adana aikinka a kai a kai. Kowa ya san halin wutar lantarki, ba ta sallama in za ta tafi.

Amma ga babbar magana. Kwamfuta ba ta gyara tunanin mutum. In yaro bai gane yadda a ke duban abu daga sama, da gaba, da gefe ba, ko ya haddace maɓallai duka aikin banza ne. Don haka idan mun tafi makarantu, bari yara su fara auna bencinsu da tef, su zana shi da fensir, kana su kai shi kwamfuta.

Wanda ya ke so ya fara, ya auna ɗakin kwanansa yau, ya zana shi kafin mako ya ƙare. Allah Ya taimake mu.