Me Ya Sa Mata Suka Yi Ƙaranci a Majalisa?

A mafi yawan ƙasashe, kusan rabin al'umma mata ne, amma kujerunsu a majalisun dokoki ba su kai haka ba. Bayan zaɓen 2023, mata huɗu kacal suka shiga Majalisar Dattawan Nijeriya mai kujeru 109.

Ilmin halitta bai gano abin da ya rage wa mace basirar shugabanci ba. Cikas ɗin yana ga tsadar takara, da tarukan jam'iyya na tsakar dare, da bangar siyasa, da cire 'ya'ya mata daga makaranta.

Doka tana iya gyara wannan. Tsarin mulkin Ruwanda na 2003 ya keɓe wa mata kujeru 24 cikin 80 na majalisar wakilai, kuma a zaɓen 2008 suka haura rabi.