'Yan Tawayen Zariya: Ɗaliban Da Suka Mayar Da Tatsuniya Zane

A shekarar 1958, saura shekara biyu Najeriya ta samu 'yancin kai, wasu ɗalibai masu koyon zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Daga baya aka laƙaba musu 'Yan Tawayen Zariya, alhali ko sanda ba su ɗauka ba. Fensir da buroshi ne makamansu.

Me ya kawo tawayen? A aji, salon Ingila ake koya musu, kamar dai babu wata fasaha a gidajen da suka fito. Sai suka yanke shawara: za su karɓi dabarun zamani hannu bibbiyu, amma abin da za su zana daga gida zai fito.

Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya fitar da dodanni da aljanun tatsuniyoyinsu da shi. Onobrakpeya ya ɗauko labaran mutanensa Urhobo, har da kunkuru sarkin wayo, wanda shi ne Gizonsu. Nwoko ya riƙa gina mutum-mutumi da yumɓu yana gasawa, bisa koyi da tsofaffin ayyukan Nok na kudancin Kaduna. Shi kuwa Grillo, matan Yarbawa da makaɗa ya zana cikin shuɗi irin na rinin adire. Kowa ya kalli ayyukan nan zai ga nishaɗin wanda ke ba da labarin gidansu.

To, kai fa ɗalibi? Yawancinmu in muka buɗe littafin zane, jaruman katun muke kwaikwayo. Ina Gizo da Ƙoƙi? Ina macijin rijiyar Kusugu? Ina kwalliyar dawakin hawan Sallah? Wanda ba ya son zana mai rai ma bai rasa ba: ga dagi, ga aska takwas ta babbar riga, ga zayyanar allo, ga adon bangon gidajen Zariya da siminti ke cinyewa a hankali.

A daren yau, roƙi kaka ta yi maka tatsuniya ɗaya, gobe ka zana ta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.