Na'urar Wasiƙun Ofis Da Mai Tsaronta: Darasin Watan Maris Na 2021

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin rajista ya san cewa wasiƙa ba ta kai kanta tebur. Akwai akawun da ke karɓarta, ya buga mata hatimi, ya shigar da ita cikin littafi, sa'an nan masinja ya kai wa mai ita. A zamanin imel wannan aiki duka ya koma cikin wata babbar kwamfuta, wadda masana ke kira saba. Ita ce ke karɓar wasiƙun da suka zo daga waje, ta rarraba su cikin akwatunan ma'aikata, ta aika da masu fita, ta kuma adana su shekara da shekaru. Saboda haka asirin hukuma ko kamfani, tun daga batun kwangila har zuwa na albashi, yana kwance a cikinta.

Jami'in da aka damƙa wa wannan na'ura ba safai a kan tuna da shi ba, sai ran da wasiƙa ta ƙi tafiya. Alhali kuwa aikinsa ba ya yankewa. Shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci akwati, ya rufe na wanda ya bar aiki. Shi ke tace wasiƙun banza da na 'yan damfara, ya lura kada rumbun na'urar ya cika, ya kuma ajiye kwafin kome a wani wuri dabam saboda gobara ko lalacewa. Mafi nauyi duka shi ne sa faci, watau gyaran da kamfanin da ya tsara manhajar kan aiko in an gano wata ɓaraka a cikinta. Sa faci yakan bukaci a tsai da wasiƙu na ɗan lokaci, don haka ne a kan yi ta ɗage shi daga wannan mako zuwa wancan.

Abin da jinkiri ke jawowa ya fito fili a shekarar 2021. Ran 2 ga watan Maris kamfanin Microsoft ya ba da sanarwar cewa an gano kafofi 4 a manhajarsa ta Exchange Server, wadda dubban ofisoshi a duniya ke sarrafa wasiƙunsu da ita. Ta waɗannan kafofi mutum na iya shiga na'urar daga nesa ba tare da kalmar sirri ba, ya kwashe wasiƙun wanda ya ga dama. Kamfanin ya ɗora laifin a kan wata ƙungiya da ya laƙaba wa suna Hafnium, wadda ya ce daga ƙasar Sin ta ke aiki. Bincike ya nuna tun watan Janairu a ke kutsen a ɓoye. Waɗanda abin ya shafa su ne masu riƙe da na'urarsu da kansu, ban da waɗanda Microsoft ke ajiye wa wasiƙu a nasa rumbunan.

A ranar sanarwar faci ya fito. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yanzu kowa ya ji labarin tsagar. Sai abin ya zama tsere tsakanin masu gyara da masu kutse. Ran 3 ga wata hukumar tsaron kwamfutoci ta Amurka ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayya su sa facin nan da nan, ko kuwa su cire na'urorinsu daga intanet. Ran 5 ga wata wani ɗan jarida mai suna Brian Krebs ya ba da rahoton cewa an shiga na'urorin ƙungiyoyi akalla 30,000 a Amurka kaɗai, galibinsu ƙananan kamfanoni da hukumomin garuruwa. Kafin tsakiyar wata kamfanin ESET ya ƙirga ƙungiyoyin kutse akalla 10 da suka rufa a kan kafofin. Hukumar Bankuna ta Tarayyar Turai ta rufe imel ɗinta na ɗan lokaci, Majalisar Dokokin ƙasar Norway kuwa ta bayyana cewa an kwashi bayanai daga nata.

Har ila yau akwai wani darasi mai ɗaci. Faci yana toshe kafa, amma ba ya korar ɓarawon da ya riga ya shiga. Masu kutsen sun bar wa kansu ɓoyayyun ƙofofi a cikin na'urori da yawa, yadda za su komo ko bayan an yi gyara. Jami'in da ya sa faci ya koma gida, bai bi kundin da na'urar ke rubuta shige da fice ba, ya kwana da ɓarawo a ɗaki. Al'amarin ya kai ga ran 13 ga watan Afrilu Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta bayyana cewa hukumar FBI ta sami izinin wata kotu a Jihar Texas, ta shiga ɗaruruwan na'urorin jama'a daga nesa ta goge waɗannan ƙofofi. A watan Yuli Amurka da Ingila suka zargi masu kutse da ke da alaƙa da gwamnatin Sin, ita kuwa ta musanta.

Maganar ba ta wuce ba. Wa'adin kulawar da Microsoft ya yanka wa Exchange Server na 2013 ya ƙare a watan Afrilu na 2023, na 2016 da na 2019 kuma ran 14 ga watan Oktoba na 2025. Ofishin da ya ci gaba da zama a kan tsohuwar manhaja, bai shirya ƙaura ba, ya bar bangonsa ba mai yi masa yaɓe.

Wannan nauyi bai rataya a wuyan jami'in na'ura shi kaɗai ba. Shi ba ya iya tsai da wasiƙu sai da yardar shugabansa, ba ya iya sayen sabuwar manhaja sai an sa kuɗinta a kasafi. Saboda haka in takardarsa ta iso teburin babban sakatare ko manaja, tana neman izinin rufe imel na dare ɗaya, ba irin wadda a ke rubuta wa "a dakata" ba ce.