Fumfuna a Mota Mai Rufin Tamfal

A watan Agusta, lokacin da marka ta kankama a birnin Zariya, direban da ya buɗe motarsa mai rufin tamfal a bakin Ƙofar Doka yakan ci karo da warin fumfuna. Ita fumfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Ƙwayoyin irinta na yawo cikin iska, kuma danshin kwana biyu ya ishe su tsirowa a kujera. Shaƙarsu kan tayar wa mai ciwon asma da ciwonsa. Gogewa kaɗai ba ta raba mota da ita. Sai an toshe inda ɗinkin tamfal ke yoyo, an shanya shimfiɗun ƙasa a rana, an bar iska ta ratsa. Hana ta ruwa shi ne maganinta.