Wahalar Sauraro da Aikin Ƙwaƙwalwa: Abin Lura ga Malamin Aji

Gabatarwa

Sau da yawa malami yakan faɗi magana, ɗalibi ya maimaita daidai, amma da an jima kaɗan sai a tarar ya manta, har a yanke masa hukuncin daƙiƙanci. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa jin magana cikin hayaniya aiki ne mai cin ƙarfin ƙwaƙwalwa, kuma ana iya auna shi.

Igiyoyin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1929 ne Hans Berger, wani likita a birnin Jena na ƙasar Jamus, ya bayyana cewa ƙwaƙwalwar mutum tana fitar da lantarki mai rauni, wanda na'ura kan ɗauka daga fatar kai ta zana shi kamar igiyar ruwa. Daga cikin waɗannan igiyoyi akwai alfa, mai kaɗawa wajen sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa guda.

A 2012 Jonas Obleser da abokan aikinsa a Leipzig sun karanta wa mutane lambobi da murya wadda aka dusashe da gangan. Suka ga ƙarfin alfa yana ƙaruwa idan muryar ta ƙara dusashewa, haka kuma idan lambobin da za a riƙe sun ƙara yawa. Watau ji da riƙewa daga rumbu ɗaya suke ɗiba. Wasu masana sun sami raguwar alfa a wasu gwaje-gwajen, amma duk dai canjin yana bin wahalar sauraro. Tun 1968 Patrick Rabbitt ya nuna cewa lambobin da aka ji cikin hayaniya sun fi saurin ɓacewa daga zuciya, ko da an ji su daidai.

Dangantakarsa da Aji

Mu ɗauki yaro ɗan firamare a Moriki. A gida Zamfarci yake ji, inda ake cewa "shina" maimakon "yana". A aji ga daidaitacciyar Hausa, ga kuma Turanci. Idan damina ta faɗi, ruwa yana dukan rufin kwano, ga surutun 'yan'uwansa. Tsawon wasali kaɗai ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo. In wasalin ya nitse cikin ƙara, dole yaro ya cike giɓin da hasashe. Ƙarfin da ya kashe wajen kamo kalma, shi ne ya rasa wajen adana ma'ana.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa kada hayaniyar aji ta wuce desibel 35. Malami ba shi da na'urar awo, amma yana iya fuskantar ɗalibai in zai yi magana, ya gajarta jimla, ya dakata tsakanin batu da batu, ya rubuta sabuwar kalma a allo, ya kuma matso da mai raunin ji gaba. Kafin a tuhumi basirar yaro, ya kamata a fara binciken abin da ke isa kunnensa.