Daga Bakin Kusugu Zuwa Shagunan Littattafan Duniya

Duk ɗan Daura ya san abin da Bayajidda ya fara nema da ya sauka gidan tsohuwa Ayana: ruwa. Neman ruwan nan ne ya kai shi bakin Kusugu, daga nan garin ya buɗe masa. Rijiyar da ya kamata baƙon yau ya tambaya idan ya sauka wani birni ita ce shagon littattafai, domin can ne mutanen gari ke ɗebo abin da hankalinsu ke sha. Ga wasu abubuwan mamaki daga irin waɗannan shaguna. Da yawansu akwai zaren da ya ɗaure su da ƙasar Hausa.

1. Bagadaza da ranar Juma'a

Labarin kaka da kakanni ya ce daga Bagadaza Bayajidda ya taso. A birnin nan akwai titi guda na masu littattafai zalla, Titin Mutanabbi, mai sunan shahararren mawaƙin Larabawa da ya rasu a 965. Ranar Juma'a ce ranar cikarsa, ranar da Daurawan dauri ke samun ɗiban ruwa a Kusugu. A 5 ga Maris 2007 bam ya tashi a cikin mota a titin, ya hallaka mutane fiye da 20, ya ƙone shaguna. Masu littattafan ba su watse ba. A Disamban 2008 aka sake buɗe titin.

2. Tarihin Daura a Kalifoniya

Girgam, kundin sarakunan Daura, ya shiga ɗab'i cikin Turanci a Ikko a 1928, a littafin da H. R. Palmer ya tattara. Bayan shekara 50, a 1978, Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ta buga The Affairs of Daura, katafaren littafi kan sarautar Daura da ta Zango da ta Ɓaure. Marubucinsa, M. G. Smith, haifaffen tsibirin Jamaika ne. Ɗan Daura da ya shiga shagon tsofaffin littattafai a Turai ko Amurka, ya ambaci wannan suna, ƙila a miƙo masa labarin gidansu.

3. Yaron Kance a Landan

Arewa da Daura, a ƙasar Kance, aka haifi Dorugu. An kama shi bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen matafiyi Heinrich Barth har Landan a 1855. Can ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa tsantsa, shi kuwa yana rubutawa. Su ne suka fito cikin Magana Hausa a 1885. Yaron da aka raba da iyayensa ya zama ɗaya daga Hausawan farko da tarihin rayuwarsu ya hau kantar littattafai a Turai. A Kano ya rasu, a 1912.

4. Gizo a Belfas

Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, wanda Frank Edgar ya tattara daga hannun malamai, a birnin Belfas na arewacin Ailan aka buga shi tsakanin 1911 da 1913. Gizo da Ƙoƙi sun ga injin ɗab'i fiye da shekara 20 kafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito a 1934.

5. Harafi ɗaya a tsallaken iyaka

Ka bi ta Kongolam ka wuce Matamai ka shiga Damagaram, ka ɗauki littafin Hausa bugun Nijar. Harshe ɗaya ne, amma idonka zai tsaya a kan wani harafi. Inda muke rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, su suna rubuta ƴaƴa da lanƙwasa a kan harafin. A 2025 kuma hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

6. Jinjirin wata uku a Kurmi

Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau tana da rumfunan masu littattafai: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Ishiriniya, ga tawada da alƙalami da gafaka. In ka sami tsohon littafi rubutun hannu, ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana. Sau da yawa za ka ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun Italiya ne na yankin Banis. Raƙuma suka ratso Sahara da takardar daga Tarabulus da Masar, malamanmu suka rubuta fiƙihu da waƙoƙin ajami a kanta.

7. Ribar littafi a Tumbutu

Hasan al-Wazzan, matafiyin Fas wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya shiga Tumbutu a farkon ƙarni na 16. A littafinsa da aka buga a 1550 ya shaida cewa littattafan da fatake ke kawowa daga arewacin Afirka sun fi duk sauran hajoji riba a garin. Tarihin Tumbutun ma, wato Tarikh al-Sudan, a Gwandu Barth ya same shi a 1853, ya kwafi abin da ya iya, ta nan Turai ta san da shi.

8. Bakatsinen Alƙahira

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya bar Katsina ya yi aikin hajji, ya zauna Alƙahira yana koyarwa. Gwani ne a lissafi da taurari. A 1732 ya yi rubutu kan hatimin lambobi, wanda duk layin da ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ya bar masa littattafansa, ɗan mai gidan kuma, Abdurrahman, ya sa shi cikin babban littafinsa na tarihin Masar. Yau a kewayen masallacin Azhar shagunan littattafai jere suke, kuma daga maɗaba'ar Mustafa al-Babi al-Halabi ta birnin nan ne littattafai masu rawayar takarda da yawa suka iso zaurukan malamanmu. Mai neman na hannu da araha sai ya nufi kasuwar Azbakiyya.

9. Ɗigon allo a Fas

Almajirin da ya yi karatun allo, in ya buɗe Alƙur'ani bugun Maroko a shagon Fas, ba zai ji baƙunta ba. Ruwayar Warshu ce, harafin fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda malam ya rubuta masa a tsangaya. A Madina kuwa yawanci Hafsu zai tarar. Maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe can a 1984 ita ke buga tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi.

10. Balaraba a Indiya

Mun daɗe muna kallon fina-finan Indiya, sai ga littafinmu ya je musu. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Cennai ya buga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu cikin Turanci, fassarar Aliyu Kamal. Labarin da aka rubuta don masu karatu a Kano ya sami gurbi a kantocin Indiya.

11. Na nesa, a gurguje

A Lisbon ta Fotugal shagon Bertrand yana ciniki tun 1732, girgizar ƙasar 1755 ta rushe shi, ya sake tashi. A birnin Foto, shagon Lello sai ka sayi tikiti kafin ka shiga, in ka sayi littafi a cire maka kuɗin. A Banis, shagon Acqua Alta yana ajiye littattafai cikin kwalekwale da bahon wanka saboda ambaliya. A Tokiyo, Morioka Shoten littafi iri ɗaya tak yake sayarwa kowane mako, a unguwar Jimboco kuma shaguna da yawa arewa suke kallo don kada rana ta ƙoɗar da takarda. A Buwenos Aires ta Ajantina, gidan wasan kwaikwayo na 1919 ya koma shagon littattafai a 2000, dandamalin ya zama wurin shan shayi. A Faris, koren akwatuna kusan 900 ne jere a bakin kogin Sen, kuma da aka so ɗauke su saboda wasannin Olamfik na 2024, masu su suka tsaya kai da fata har aka bar su.

12. Sarkin garin littattafai

Hay-on-Wye ɗan ƙaramin gari ne a iyakar Wels da Ingila. Richard Booth ya cika shi da tsofaffin littattafai tun farkon shekarun 1960. A 1 ga Afrilu 1977 ya naɗa kansa sarkin garin, ya ba dokinsa muƙamin firaminista, don duniya ta waiwayo. Ta kuwa waiwayo. Tun 1988 garin ke karɓar bikin adabi duk shekara.

Matafiyinmu ya iya tsaraba: dabino, zamzam, turare, darduma, atamfa. A ƙara littafi a cikin jaka. Wanda ya je Makka ko Alƙahira ko Yamai ko Landan, ya ware sa'a ɗaya ya shiga shago, ya tambayi abin da suke da shi kan ƙasar Hausa. In akwai, ya saya ya kawo wa makarantar unguwarsu. In babu, ya faɗa wa mai shagon sunan marubuci ɗaya daga cikin namu, domin ɗan kasuwa abin da ake yawan tambaya shi yake sarowa.